Garwashi ko Katangar da Ta Sha Rana: Tangaran da Kabon a Ɗakin Sauna

A birnin Duluth na jihar Minesota, a bakin Tafkin Superior da ke arewacin Amurka, akwai wani dattijo kafinta da ya shafe fiye da shekara hamsin yana hura wutar sauna kowace Asabar. Kakanninsa suna cikin mutanen ƙasar Finland da suka yi ƙaura zuwa wannan yanki a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka shiga aikin haƙar tama da saran katako. Ana ba da labarin cewa da yawa daga cikinsu ɗakin sauna suke fara ginawa kafin ɗakin kwana. Nasa ɗakin na katako ne, a bayan gida, da murhun ƙarfe wanda aka jibga wa duwatsu. Idan duwatsun suka ɗau zafi sai a kwarara musu ruwa da ludayi, tururi ya tashi ya lulluɓe wanda ke zaune, gumi ya yi ta tsiyaya.

Da shekaru suka ja, sai baya ya fara ciwo. Faskare ya gagara, ɗaukar itace ya zama aiki, kuma a garin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili a wasu dararen Janairu, 'yar tafiyar da ke tsakanin ƙofar gida da ɗakin sauna ta zama abin fargaba. Ranar da santsin ƙanƙara ya kwashe shi ya faɗi a kan kwankwaso, 'yarsa, wadda malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ta ce magana ta ƙare. Za a sayi irin ƙaramin akwatin katakon nan mai aiki da lantarki, wanda ake kira saunar infared, a kafa masa a cikin gida.

Ta dawo da takardun talla guda biyu daga shaguna biyu. Ta farko ta ce hitar kabon ce ta zamani, zafinta yana ratsa jiki har can ciki, kuma ya yi daidai da irin zafin da jikin ɗan Adam yake fitarwa. Ta biyu ta ce hitar tangaran ce ta ainihi, ta fi ƙarfi, ta fi saurin kawo gumi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kuɗin kuwa dubban daloli ne, kuma mai shiga akwatin dattijo ne da ke shan maganin hawan jini. Tsohon ya jujjuya takardun ya ajiye, ya ce, "Ke kika yi karatun. Faɗa mini wanne ne ke ƙarya."

Amsar wannan tambaya ta faro ne tun shekarar 1800, lokacin da masanin taurari William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku a Ingila, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sannan ya matsar da shi gaba da ja, wurin da ido ba ya ganin komai. A nan ma'aunin ya fi tashi. Ashe akwai wani haske da ido ba ya kamawa, fata ce ke jin sa a matsayin ɗumi. Shi ne infared, ma'ana abin da ke ƙasa da ja. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi: garwashi, dutsen guga, bangon ɗaki, har da jikin mutum. Duk wanda ya taɓa jin ɗumi a bakin wuta da sanyin hunturu, gabansa na gasuwa bayansa na kaɗawa, ya san aikin infared, domin ba iska ce ta kawo masa wannan zafi ba, kai tsaye ya taso daga wutar ya sauka a fatarsa.

Nan ne saunar gargajiya da ta infared suka raba hanya. A ta gargajiya, murhu yana dumama duwatsu da iska har zuwa digiri 80 ko 100 a ma'aunin Salsiyas, iskar da tururin su dumama mutum. A ta infared, iskar akwatin takan tsaya tsakanin digiri 45 da 60, sauran aikin kuma hitocin da ke jikin bango ne ke yi ta hanyar haska fata. Dabarar ba sabuwa ba ce. Likitan nan John Harvey Kellogg na garin Battle Creek a jihar Mishigan ya ƙera akwatin gumi mai amfani da ƙwayayen lantarki a 1891, aka baje kolinsa a bikin baje koli na Chicago a 1893. Abin da ya sauya daga baya shi ne abin da ake dumamawa a jikin bangon.

Hitar tangaran sanda ce ko ɗan faranti na gasasshen yumɓu, irin dangin abin da ake yin kofin tangaran da shi. A cikinta akwai naɗaɗɗiyar waya ta gaurayen ƙarfen nikel da kuromiyam, irin wadda ke cikin na'urar gasa burodi. Lantarki ya bi ta wayar ta yi zafi, zafin ya kama tangaran, tangaran ya fitar da infared. A bayanta akan sa ƙarfe mai sheƙi don ya mayar da hasken gaba, a gabanta kuma a sa raga ko sandunan katako don kada fata ta taɓa ta, saboda zafinta yana kaiwa ɗaruruwan digiri. Hitar kabon kuwa allo ne mai faɗi, siriri, wanda aka shimfiɗa wa kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, aka sa layin tagulla a gefe biyu don shigar da lantarki, aka manne shi tsakanin shafuka masu jure zafi. Lantarkin yana bazuwa a duk faɗin allon, don haka ko'ina yana ɗaukar ɗumi daidai, kuma zafin fuskarsa yawanci bai kai na tafasar ruwa ba.

Malamar ta ɗauki takarda da biro ta zauna kusa da mahaifinta, domin dokoki biyu na kimiyyar zafi sun isa su warware rigimar. Ta farko ita ce ta Stefan da Boltzmann, wadda aka kafa tsakanin 1879 da 1884. Ta ce yawan hasken zafin da abu ke fitarwa yana hauhawa da sauri ƙwarai idan zafinsa ya ƙaru: idan aka ninka zafin sau biyu a ma'aunin Kelbin, wanda ke farawa daga digiri 273 ƙarƙashin sifilin Salsiyas, abin da yake fitarwa ya ninka sau goma sha shida. A ɗauka sandar tangaran tana kan digiri 300, allon kabon yana kan digiri 80. Murabba'in mita ɗaya na fuskar da ke kan 300 zai iya fitar da wat kusan 6,100, na fuskar da ke kan 80 kuma wat kusan 880. Ninki bakwai ke nan. Wannan lissafi kaɗai ya bayyana siffar akwatunan biyu. Tangaran ƙarami ne mai zafi, 'yan sanduna kaɗan sun wadatar. Kabon mai sanyi-sanyi ne, dole a shimfiɗa shi ya mamaye bango kafin ya yi aikin da ake so. Ɗaya garwashi ne a kasko, ɗaya kuma katanga ce da ta wuni tana shan rana, wadda mutum ke jingina da ita bayan magariba ya ji ɗumi ya game bayansa.

Doka ta biyu ita ce ta Wilhelm Wien, ta shekarar 1893. Haske yana tafiya ne igiya-igiya kamar kaɗawar ruwa, kuma ana auna tsawon kowace igiya da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dokar ta ce idan aka raba 2,898 da zafin abu a ma'aunin Kelbin, za a sami tsawon igiyar da ya fi fitarwa. Tangaran mai digiri 300 ya fi fitar da igiya mai maikiromita kusan 5. Kabon mai digiri 80 ya fi fitar da mai kusan 8. Fatar mutum, wadda ke wajen digiri 35, ta fi fitar da mai 9.4. Daga nan masu tallan kabon suka samo maganarsu, cewa 8 ya fi kusa da 9.4, saboda haka jiki ya fi karɓarsa.

A nan malamar ta yi dariya. Ta ce, "Baba, kofin shayin da ya huce zuwa digiri 35 shi ma 9.4 yake fitarwa. Bangon da ya kai wannan ɗumi, haka." Lambar ba wani sirri ba ce na jikin ɗan Adam, alama ce kawai ta yawan ɗuminsa. Hitar da za ta dace da 9.4 daidai wa daida, ɗuminta ɗaya ne da na fata, kuma abin da ɗuminsa ya yi daidai da na fata ba zai ƙara mata komai ba, domin abin da ya ba ta shi za ta mayar masa. Zafi daga mai yawa yake gangarawa zuwa mai kaɗan. Saboda haka kusantar 9.4 ba falala ba ce, ma'anarta kawai hitar ba ta da zafi sosai. Bugu da ƙari, abu mai ɗumi ba igiya ɗaya tak yake fitarwa ba. Yana fitar da tarin igiyoyi dogaye da gajeru, lambar Wien ƙololuwarsu ce kawai. Sandar tangaran ma tana fitar da igiyoyin 8 da na 9, har ma fiye da yadda allon kabon mai girmanta zai fitar.

Sai maganar ratsa jiki, wadda ita ce ta fi jan hankalin mai ciwon baya. Masana sun kasa infared kashi uku. Na kusa, daga maikiromita 0.78 zuwa 1.4, yana iya shiga 'yan milimitoci cikin fata. Na tsakiya ya kama daga 1.4 zuwa 3. Na nesa kuwa, daga 3 zuwa sama, ruwa yana shanye shi nan take, kuma fata cike take da ruwa, don haka kusan dukkansa yana ƙarewa ne a saman fata, cikin kaurin da bai kai milimita ɗaya ba. Igiyar 5 da igiyar 8 duk a wannan kashi na uku suke. Dangane da ratsa jiki, tangaran da kabon Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Takardar da ta ce zafin yana shiga inci ɗaya da rabi cikin tsoka ba ta faɗi yadda abin yake ba. Zafi yana isa ciki, amma jini ne ke kai shi. Fata ta yi zafi, jijiyoyinta su buɗe, jini ya kwarara ya ɗebo zafin ya zagaya da shi, zuciya ta ƙara bugu, gumi ya karyo don ya sanyaya jiki. Haka abin yake a saunar duwatsu, haka yake a wankan ruwan zafi.

Batun cin wuta ma haka ne. Duk hitar da ke aiki ta hanyar tura lantarki cikin abu mai turjiya tana mayar da dukkan lantarkin zafi, ko waya ce ko kabon. Akwati mai wat 1,500 da ya yi awa ɗaya yana aiki ya ci yunit ɗaya da rabi, ko da me aka ƙera hitarsa. Abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne jimillar wat ɗin, da kaurin katakon da ke riƙe zafin, da kuma ko wayar gidansa za ta ɗauka. A Amurka, soket na yau da kullum mai bolt 120 da amfiya 15 ba ya wuce wat 1,800, shi ya sa manyan akwatuna kan buƙaci a ja musu layi na musamman.

To idan haka ne, ina bambancin? Bambancin yana nan, kuma na gaske ne, sai dai ba a irin hasken yake ba, a yadda aka rarraba shi yake. Wanda ya zauna gaban sandar tangaran yana jin zafi mai kaifi a wurin da ke fuskantarta, yana motsawa gefe kaɗan sai ya ragu, domin zafin ƙaramin abu yana faɗuwa da sauri da zarar an nisanta. Wasu suna son hakan, musamman mai son ya saita zafin a kan kafaɗa ko ƙugu, da wanda ya saba da zafi mai cizo. Wasu kuma sukan gaji da juye-juye, gefe ɗaya na ƙuna ɗaya na jira. Allon kabon yana ba da ɗumi mai laushi wanda ya game baya da gefuna, ana iya zama dab da shi na tsawon lokaci, amma mai neman zafi mai ƙarfi zai iya cewa bai ji komai ba, musamman idan an kafa akwatin a wuri mai sanyi ko kuma allunan ba su da faɗi. Tangaran yana iya fashewa idan ya sha bugu a hanya, amma sanda ɗaya ake cirewa a sa wata. Kabon ba ya fashewa haka, amma idan ya lalace allon gaba ɗaya ake sauyawa. A duka biyun, na'urar daidaita zafi iskar akwatin take aunawa. Idan iskar ta kai inda aka saita sai ta kashe hitocin, su fara hucewa, hasken ya ragu, shi ya sa waɗanda suka saba kan ɗan buɗe tagar sama don hitocin su ci gaba da aiki. Saboda kowanne yana da inda ya gaza, wasu masu ƙerawa suna haɗa su biyun a akwati ɗaya.

Saura tambayar da ta fi kuɗi muhimmanci, wato lafiya. Takardun biyu duk sun jingina da binciken da aka yi kan amfanin sauna ga zuciya. Binciken na gaske ne. A 2015 Jari Laukkanen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bibiyar maza 2,315 na yankin Kuopio a gabashin Finland, masu shekara 42 zuwa 60, na tsawon kusan shekara ashirin. Waɗanda ke shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun sami ƙarancin mutuwar fuju'a ta zuciya da kashi 63 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu shiga sau ɗaya. Amma waɗannan mutane saunar gargajiya suke shiga, mai zafin da ya kusa digiri 80, a ƙasar da ke da sauna wajen miliyan uku ga al'umma miliyan biyar da rabi, ƙasar da UNESCO ta sanya al'adar saunarta cikin gadon ɗan Adam a 2020. Babu allon kabon ko sandar tangaran a cikin wannan bincike. Kuma bibiya ce, ta nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ta tabbatar ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba, domin mai ƙoshin lafiya ne ya fi iya yawan shiga zafi tun asali.

Binciken da ya shafi infared kai tsaye daga Japan ya fi fitowa. Likitan zuciya Chuwa Tei na Jami'ar Kagoshima ya tsara wata hanyar jinya da ake kira Waon, inda mai raunin zuciya ke zama minti 15 a akwati mai digiri 60, sannan ya kwanta minti 30 a lulluɓe da bargo, a auna nauyinsa kafin da bayan, a mayar masa da ruwan da ya zubar. Abin lura a nan shi ne, abin da likitocin suka ƙayyade shi ne digiri da mintuna da ruwan sha, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Jiki adadin zafin da ya shige shi yake lissafawa. Maganar fitar da guba ta hanyar gumi kuwa, kusan dukkan gumi ruwa ne da ɗan gishiri, aikin tace jini na hanta ne da ƙoda, kuma nauyin da ya ragu bayan sauna yana dawowa da kofunan ruwa na farko.

Zafin da ke iya taimakon zuciya shi ne kuma ke iya yi mata nauyi. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun rubuta kan yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Zafi mai tsawo yana sa zuciya aikin da ya fi na kullum. Ga mai shan maganin hawan jini, haɗarin da ya fi kusa shi ne jijiyoyi su buɗe, jini ya sauka, ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Ga mai ciwon sukari da ƙafafunsa suka daina jin zafi sosai, hita mai ɗaruruwan digiri a kusa da ƙwauri abin tsoro ce, domin fata na iya ƙuna mai ita bai sani ba. A nan ne zaɓi tsakanin tangaran da kabon ya zama maganar lafiya ta gaskiya.

Malamar ta kai mahaifinta wurin likitansa kafin ta kai shi shago. Likitan ya amince, da sharaɗin a fara da mintuna kaɗan, a sha ruwa, a tashi a hankali, kada a shiga bayan shan barasa, kuma kada ya shiga alhali babu kowa a gidan. Daga nan suka je suka gwada akwatunan biyu, kowanne kwata ɗin awa, domin jiki magayi. A na tangaran tsohon ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya fi kama da wuta, amma sau uku yana matsawa daga sandar da ke saitin kafaɗarsa. A na kabon ya jingina, ya rufe ido, har ya fara gyangyaɗi. Wannan gyangyaɗin ne ya yanke hukunci a wurin 'yar. Mutumin da barci ke iya ɗauka a zaune, gara ya kasance kusa da abin da bai kai tafasar ruwa ba. Shi kuma, da yake kafinta ne, sai da ya ƙwanƙwasa katakon, ya duba haɗin kusurwoyi, ya zaro awonsa ya auna faɗin allunan bayan da na gefe, ya tabbatar akwai ɗaya a saitin ƙwauri, sannan ya tambayi farashin allo guda idan ya lalace da kuma shekarun garanti.

Suka ɗauki na kabon. A hanyar gida ta tambaye shi ko ya gamsu. Ya ce baya zai gode, amma kada ta kira abin sauna a gabansa, domin ba a zuba masa ruwa. Mutanen Finland suna da kalma ta musamman, löyly, ga tururin da ke tashi idan ruwa ya sauka a kan duwatsu, kuma a wurinsu shi ne ran sauna. Babu hitar lantarki ta jikin bango da ke ba da shi, ta tangaran ce ko ta kabon, hasali ma watsa musu ruwa haɗari ne. Suka yi yarjejeniya a kan haka: akwatin na kwanakin mako ne da watannin ƙanƙara, idan bazara ta shigo kuma jikansa zai riƙa zuwa ranar Asabar ya yi faskare ya hura tsohon murhun.